Baba Kasa-Kunne da Sukudirebarsa

Kafin wani farfesa ya faka motarsa, Baba Kasa-Kunne ya riga ya buɗe ɗakin injuna na jami'a. Zai rataye rigar gida a ƙusa, ya sa ta aiki mai dabbaren baƙin mai, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba. Sai ya zaɓi inji ɗaya ya ɓata shi da gangan, ya sassauta noti ko ya toshe bututu. Shekara talatin da ɗaya yana wannan ɓarna mai albarka.

In ɗalibai sun shigo da littattafai sai ya ce, "Ku ajiye su can. Injin nan ba shi da lafiya, kuma bai iya karatu ba. Ku kasa kunne." Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar uwa mai sauraron numfashin jariri. Nan sunan ya samo asali.

Ni ban yi boko ba. 'Yata ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana. Ranar da ta fara shiga ɗakinsa tana ƙyamar taɓa mai, ya ce, "'Yar nan, farcen ne zai nemo miki aiki?" Ta dawo tana kuka. Na rantse gobe sai na je na wanke shi tas. Allah ya taimake ni ban je ba.

Da ta gama karatu, kamfanin injunan ban ruwa ya kira su su arba'in, kowa da takardarsa mai hatimi. Aka ajiye musu inji yana tari. Saura suka duƙufa rubutu. Ita ta ari sukudireba, ta kara a kunne, ta faɗi abin da ya cinye a ciki. Manajan ya yi dariya ya ce, "Ke ma 'yar tsohon nan ce?" Ashe rabin ma'aikatansa daga hannun Baba suka fito. Aka ɗauke ta aiki.

Watan jiya Baba ya yi ritaya. Aka yi wa farfesoshi uku walimar ban kwana, shi aka sa ya jera kujeru. Yanzu kuma wai za a kwashe injunan a mai da ɗakin zauren lacca. Na taka har ofishin shugaban sashen. Ya ce, "Mama, ai shi ba malami ba ne, ba shi da digiri."

Na ce, "To digirin da kuka ba 'yata, wa ya sa masa hannuwa?"

Da muka je gaishe shi, ko zancen walima bai yi ba. Ya miƙa wa 'yata tsohuwar sukudirebarsa, ya tambaya a hankali, "Injin bakin taga, akwai mai zuba masa mai?"

Baba, kai ne ka mai da takarda sana'a. Kai ne ka sa 'yata kuka rana ɗaya, ka share mini hawayen shekaru. Na gode, Allah ya ƙara maka lafiya.

Ku kuma manyan jami'a, kada ku rufe ɗakin nan. Ku kira shi ya koya wa wanda zai gaje shi, ku rubuta sunansa a ƙofar, malamai su zo su ga yadda ake yi. Jami'arku ma inji ce, kuma ta fara wani irin ƙara. Ku kasa kunne.