Gaba Ta Hagu, Inda Ka Sa Ni

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ina canza taya a gareji, sai matarka, Mama Earline, ta kira ni ta ce ka rasu da safe, zuciya ce. Koci Lemuel Hargett, na zauna a ƙasa. Ba kuka ne ya fara zo mini ba, kunya ce.

Wasu za su faɗi shekara ashirin da biyu da ka yi kana horar da 'yan ƙwallon Amurka a kwalejin garinmu, da shekara tara a kujerar shugaban gunduma. Za su faɗi gadar da ka gyara bayan motar 'yan makaranta ta kusa rufzawa, da yadda kake bin kwalbatoci da ƙafa in an yi ruwa, usur a wuya. Za su faɗi tarwaɗar da kake soya mana duk Lahadi, ko mun ci ko mun sha kashi. Duk gaskiya ne. Nawa labarin daban yake.

Shekara uku ina tsare hagu, gefen da mai jefa ƙwallo ba ya ganin abin da ke zuwa masa. A ta huɗu ka gano wasu ke rubuta mini aikin aji. Ka miƙo jarida ka ce in karanta, na kasa wuce layi biyu. Ka cire ni daga ƙungiya, saura wasa huɗu, manyan ƙungiyoyi na aiko masu kallona. Ka ce gwiwa tana ƙarewa, karatu ba ya ƙarewa. Na zage ka na fita.

Haushinka ne ya koya mini karatu. Kullum in na tashi aiki sai laburaren gari, littafi bayan littafi, don wata rana in zage ka a rubuce.

Ranar ta zo bara, a taron gunduma. Minti uku ake ba kowa, kai ke riƙe da agogon nan naka na fili, ko fasto ba ka ɗaga wa ƙafa. Na karanta shafi biyar. Na kira ka munafuki, na ce da gwiwoyin 'ya'yan talakawa ka yi tsani ka hau kujera. Minti goma sha ɗaya, ba ka danna agogon ba. Da na gama ka kira ni da lambar rigata:

"Saba'in da huɗu, ko tuntuɓe ɗaya ba ka yi ba."

Na ce, "Riƙe yabonka, tsoho." Na ɗauka ba'a ce.

Sai shekaranjiya Miss Vernice mai kula da laburare ta gaya mini sau biyu majalisar gunduma na neman a riƙa rufe wurin ƙarfe biyar, sau biyu kana hanawa, kana cewa akwai mai zuwa bayan aiki. Ba ka taɓa faɗin sunansa ba.

Jiya Mama Earline ta nuna mini takardar da ka bari. Ka zana masu ɗaukar gawarka yadda kake zana mana tsarin wasa a allo: akwati a tsakiya, da'ira shida kewaye. A gaba ta hagu ka rubuta 74. Na ce a ba wani, waɗanda suka ji zagin nan su za su cika cocin, ba ni da idon kallonsu.

Ta ce, "Ɗana, shekara arba'in ban ga wanda ya canza masa jerin 'yan wasa ba. Kai za ka fara? Je ka nemo kwat ɗin da zai shige ka."

Na samo, Koci. Ya ɗan matse ni a kafaɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba mu a fili ba. Ya ba Mama Earline da 'ya'yanka, Lorraine da Odessa, da duk wanda ya taɓa gudu da jin usur ɗinka, haƙurin rashinka. Ni kuma Ya yafe mini bakina, tunda na makara wajen roƙonka.

Ranar Asabar a wajen jana'iza, duk mai kallona ya kalla. Hagunka na hannuna.

Jarvis Tolliver