Agogo Ukun Kawu Ilya

Duk wanda ya san Kawu Ilya, ƙanen mahaifiyata, ya san agogonsa uku: ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, na ukun kuwa kalanda ce a naɗe cikin aljihu. Ka tambaye shi lokaci, ka jawo wa kanka. "Na wa kake so? Na pampo, na rana, ko na ƙasa?" Kai, Kawu! Mutum yana saurin tafiya kasuwar Dungas, shi yana shirin buɗe masa lakkwal, wato makaranta sukutum.

Shi ya haɗa ƴar na'urar da ke tafiyar da foraji, wato rijiyar burtsatsen garinmu, bayan ya bar aikin ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram. Ni ya kama da koyarwa, don ni kaɗai ce ba na iya guje masa. Na'urar tana duban injin kowane sakan kada ya ƙone, tana bin rana awa-awa ta cika shato, babban tankin ruwan gari, tana kuma auna ruwan ƙarƙashin ƙasa shekara bayan shekara. Wata biyu ya yi yana gwada ukun a takarda kafin ya haɗa waya ko guda. "Rabi," in ji shi, "in suka yi gardama, na shekaru ke yanke hukunci."

Shayinsa sakan ɗari da tamanin yake yi a wuta, ba ƙari. Amma ƙyauren ɗakinsa shekara tara yana lilo da ƙusa ɗaya. Matarsa ta ce, "Malam, ƙyauren fa?" Ya ce, "Wannan a agogon aljihu yake."

Sai aka yi damina mai ƙarancin ruwa. Tun da kaka na'urar ta fara rage mana ruwa, alhali foraji bai nuna alamar komai ba. Maigari ya kira shi.

"Ilya, ka sakar wa mutane ruwa."

"Ranka ya daɗe, ba ni na hana ba, ita ce."

"Wa ya koya mata?"

"Ni."

"To, ka hana ta mana!"

"Ai ni ma ta hana ni."

Washegari ga shi a layi da jarkarsa, bayan matan da ke zaginsa. Ni kaina na ce masa marowaci, a gaban mutane. Har yau maganar tana cina a rai.

Da bazara ta yi tsanani, rijiyoyin ƙauyukan kewaye suka ƙafe. Amalanke suka yi ta zuwa garinmu. Pampon Kawu yana zuba siriri, amma bai tsaya ko yini ɗaya ba har ruwan farko ya sauka. Bai taɓa cewa ai na faɗa muku ba. Ni kuma na yi ta cewa gobe zan ba shi haƙuri, har ya rasu.

Bana, shekara biyu da rasuwarsa, ina shanya gyaɗa sai saƙo ya shigo wayata daga na'urar. Shi ya rubuta shi tun yana raye, ya saka masa rana: "Rabi, batir ya tsufa, canza shi yau. Na san ki, za ki ce gobe."

Na yi dariya, sannan na zauna cikin gyaɗar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kafin la'asar na canza shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya shayar da shi ruwan da ba a aunawa. Amin.