Buhunan Hafsatu a Ɗakin Delu

Duk Kara-Kara babu wanda bai san man gyaɗar Hafsatu ba, tun tana yarinya uwarta ta taho da ita daga Droum ta ɗora ta kan turmi da muciya, har yau kafaɗarta ta mutu saboda tuƙin gyaɗa. Abu ɗaya take so a duniya, injin matse mai. Ƙanwarta Aliya da ke aure a Kano ta buga mata waya ta ce ita banki ne ya saya mata nata, wai har 'yan Kwatano ana ba su, ke kina nan kina kashe kanki. Hafsatu ta yi zuciya ta kai dosiyen takardunta banki ta nemi kiredi, wato bashi.

Aka ce wani Mushe Faruk, ma'aikacin bankin, zai zo ya ga sana'arta da ido. To ita Hafsatu tun tasowarta ba a nuna wa baƙo arziki, baki ne zai kama shi, balle mutumin buro, ɗan ofis mai takalmi mai ƙyalli, gobe sai ka ga takardar lanho, a ce ka biya haraji. Da sassafe ta kwashe buhunan gyaɗarta kaf ta jibge a ɗakin maƙwabciyarta Delu, ta ɗaura tsohon zani.

Mushe ya shigo yana toshe hanci. "Hajiya ina kayan aikin?"

"Wane kaya ɗan nan, ai mu sai hamdala, da ƙyar muke ci."

Ya leƙa ya ga turmi da tsintsiya, ko zama bai yi ba ya wuce gidan Delu, ashe munafukar ita ma ta kai dosiye a ɓoye! Ya tarar da buhu har rufi, ya tambaya, Madam duk naki ne? Delu ta sunkuyar da kai wai kunya, ta ce Allah ne ya hore.

Da Hafsatu ta ji an ba Delu kiredin ta tafi bankin da gudu ta tare Mushe. "Kai mai hancin tsiya, gyaɗata ce ka gani!"

"Hajiya da bakinki kika ce da ƙyar kuke ci, mu ba gidan sadaka ba ne."

Gardi mai tsaron ƙofa ya fitar da ita tana zagi har bakin titi.

Yanzu injin Delu na ruri a bayan katangarta tun safe. Delu ta aiko wai Yaya ta kawo a matse mata kyauta, Hafsatu ta ce gara hannun ya guntule.