Kwalbar Nei Taoniti

Tana zaune a kan benci a ofishin gwajin ruwa na tsibirin Tarawa, ba takalmi, furen da ta soke a gashinta ya yi yaushi. Hannuwanta duk kanta, irin na mai saƙar tabarma. Ta rungume wata kwalba kamar jinjiri, ruwan ciki ya yi fatsi-fatsi.

"Nei Taoniti, yau kuma shayi kika kawo mana?" in ji ma'aikacin.

"Kurɓa ka ji, ɗan nan. Jikokina uku sun sha, ga su can kwance, gudawa ta ƙi tsayawa."

Ina tsaye a gefe ina jin su. Da ta faɗi sunan ƙauyensu, sai na gane shi. Ni na kafa ƙaramin injin tace ƙazanta a bayan makarantarsu bara. Na haƙa ramin zuba ƙazantar a lokacin da teku ta janye, na ga yashi a bushe, na ce ya yi. Alhali na sani sarai, in wata ya cika ruwan ƙasa yakan taso tare da teku, ya ratsa yashi har rijiyoyi. Sauri nake kada jirgin ruwa ya bar ni.

Ina jin da hannunta ta jawo ruwan rijiyar da guga, ta ba jikokin.

Yanzu tana kallona, ina ta gumi. Ta gusa, ta miƙo mini kwakwa fasasshiya.

"Sha, ɗana. Wannan ruwan kaɗai na yarda da shi yanzu."

Na karɓa. Na tsaya riƙe da ita, ina kallon kwalbar.