Durom Ɗin Walt a Bakin Daji

Motar sharar da Noreen Galbraith ke tuƙawa tana da dogon hannu na ƙarfe a gefen dama. Hannun ne ke cafkar durom ɗin shara, ya ɗaga, ya juye, ya dire, ita kuwa tana zaune a ciki ko takalminta ba ya taɓa ƙasa. Tun da hukumar garin Alder Bend ta sayo motar ta sallami masu bin ta a baya, sai Noreen ta wuni tana zagaya gari babu wanda ya ce mata ci kanki.

Ubanta a aikin injin tsaga katako ya ƙare rayuwarsa. Ita ta yi aure, auren ya mutu, ɗanta guda ya tafi aikin haƙar mai, sai Kirsimeti yake tuna da lambarta. Ta tuƙa motar gungumen itace kafin ta samu aikin hukuma. Yanzu ta haura hamsin, kuma ta san garin ta hanyar abin da yake zubarwa: gidan da kwalabe suka yi yawa, gidan da aka daina girki. Ba ta faɗa wa kowa. Amma sanin yana yi mata daɗi fiye da yadda za ta amsa.

Kowane gida shi ke zaɓen durom ɗinsa, babba ko ƙarami, kowanne da sakata a murfi saboda beyar, ƙatuwar dabbar dawa mai gashi da farata, kuma ba a zare ta sai ranar kwasa da safe. Tsofaffi da marasa ƙarfi suna iya neman a shigo har ƙofar gida a ɗaukar musu. A irin gidajen nan kaɗai Noreen ke sauka. Na ƙarshensu shi ne gidan Walt Sorensen, tsohon direban jirgin ƙasa da matarsa ta rasu bara waccan, inda kwalta ta ƙare daji ya fara. Duk Talata tana samunsa a baranda da kofi biyu.

Da kaka ta shigo, lokacin da beyar ke saukowa daga duwatsu neman ƙiba kafin barcin hunturu, sai ta fara ganin karce a jikin durom ɗinsa.

"Sarauniyar bola ta iso," in ji Walt. "Yau ma kin makara."

"Kai da ba ka da aiki sai gadin agogo. Walt, wa ya bar murfin nan ya kwana ba sakata?"

"Yatsun nan ne ba sa iya murɗa ta. Tsufa."

"Yatsun da suka naɗe kan kifi a jarida, suka ɗora shi a sama kamar tsaraba?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya rage murya, ya nuna gindin bishiyar tuffa da haɓa.

"Maƙwabciyata ce. Da asuba take zuwa. Ta ci, ta zauna can tana kallona ina kallonta. Ita dai ba ta taɓa ce min in sayar da gida ba."

A aljihun ƙofar motar Noreen akwai jajayen takardun mannawa. Idan ta manna ɗaya a durom, magana ta kai ofis ke nan, ofis kuma ya kira malaman daji. Beyar da ta saba da durom ba a mayar da ita daji, harbe ta ake yi. Ga kuma Paula, 'yar Walt da ke birni, wadda ta riga ta nemo masa ɗaki a gidan tsofaffi, dalili ɗaya kawai take jira. Noreen ta shanye kofinta, ta juye sharar, ta tafi.

Ranar Talatar da ta biyo baya Harjit Dhillon ta tare motar. Gidanta na ƙasa da na Walt, kuma 'ya'yanta biyu a bakin titin suke jiran motar makaranta.

"Noreen, jiya na ga beyar ɗin nan a tsaye daidai inda yarana ke tsayawa. Na buga tukunya, na yi ihu. Ko gezau. Kallona kawai ta yi kamar ina riƙe da abincinta."

"Lokacinsu ne yanzu."

"A'a. Wani ne ke ciyar da ita. Ke ce kike ganin durom ɗin kowa. Waye?"

"In na ga wani abu zan kai rahoto," in ji Noreen, idonta a kan madubi.

Ta gaya wa kanta tausayi ne. Tsoho ne, dabba ce, dusar ƙanƙara na nan tafe, beyar za ta shige raminta magana ta mutu. Amma a hanyar juji, da motar ta cika tana nishi, wani tunani ya zauna mata. In aka ɗauke Walt, babu sauran gida a garin nan da za a jira ta da kofi. Kuma da Harjit ta tsaya a ƙasa tana ɗago kai tana roƙonta, ta ji wani ɗumi a ƙirji wanda ba na tausayi ba ne, na daɗin riƙe sirrin ne. Ta ƙara ƙarar rediyo.

Sai ta nemi hanyar da ba za ta rasa komai ba. Ta sayo ƙaramin kwaɗo da kuɗinta, ta datse murfin durom ɗin, ta jefa mabuɗin a aljihu. Sharar mako kuwa ta ce ya tara a cikin gareji, ita za ta kwasa.

"Kin rufe wa maƙwabciyata ƙofa ke nan," in ji Walt.

"Paula na rufe wa. Ka gode min."

"Yarinya, kin taɓa ganin mai jin yunwa ya tarar da ƙofa a rufe ya koma gida ya kwanta?"

"Sha kofinka, tsoho."

Da ta dawo bayan mako guda, babu kowa a baranda. Durom ɗin yana can tsakiyar ciyawa a kife, ya lotse, kwaɗon na nan daram. Ragar ƙofar baya a yage take daga sama har ƙasa. A taɓon gefen gida ga manyan sawayen beyar, kowanne ya fi tafin hannunta. Ba daji suka nufa ba. Sun bi shinge suka gangara, suka shiga ta inda katakon gidan Harjit ya karye, suka wuce ta gefen lilon yara har ƙarƙashin tagar kicin.

Noreen ta bi sawayen da ido har ƙarshe. Sannan ta koma mota ta ɗauko jar takarda. Tana durƙushe tana manna ta, Walt ya fito da rigar barci, hannunsa babu kofi.

"Kwana biyu tana kuka a bakin ƙofa," ya ce. "Ban buɗe ba. Na so in buɗe."

"Na sani."

"Kina manna wannan, kin san inda za a kai ni."

"Na sani, Walt."

Ya kalle ta yadda ake kallon ma'aikaciyar hukuma, ya juya ya shiga.

Da yamma malaman daji suka jawo tarko a bayan mota, wani ƙaton bututun ƙarfe mai ƙofar faɗowa, suka ajiye shi gindin tuffa, suka rataye ruɓaɓɓen kifi a ciki. Kafin ƙarshen mako motar Paula ta zo ta tafi da Walt, aka cire gidan daga cikin waɗanda ake shiga.

Yanzu Noreen tana juya motarta a ƙarshen titin ba tare da ta sauka ba. Iyaye sun daina barin yara su jira motar makaranta su kaɗai, Harjit na tsaye a cikinsu, ba ta ɗaga mata hannu. Tarkon na nan a buɗe, kifin ya bushe a ƙugiya, ba abin da ya shiga. Dusar ƙanƙara kuma ta ƙi zuwa bana.