Sai Jibi da Garmahon da Na Saya wa Yaya

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗage ƙofar shagonsa, amma ba ya taɓa sukundireba sai ya yi shara. Sharar ma ba irin tamu ba ce. Ruwa yake fara yayyafawa don kada ƙura ta tashi, ya bi teburin aiki da jiƙaƙƙen tsumma, ya sake bi da busasshe, sannan ya wanke hannu kamar likitan da zai shiga tiyata. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba, a matse tsakanin tela da mai walda. A kan kanta akwai gwangwanayen madara jere, kowanne da abin da ke ciki: sukurori, ƙananan bel na roba, allurai a naɗe cikin auduga. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gyaran rediyo da kaset da garmaho a wannan ɗan lungu.

Ba wanda ke kiransa da sunansa a layin. Sai Jibi ake ce masa, domin duk abin da ka kawo, ko rediyon da batir ne kawai ya mutu, zai juya shi, ya shinshina, ya ce, "Sai jibi." Tela ya rantse mini cewa ranar da aka zo aka ce masa matarsa ta haihu, sai da ya ce sai jibi kafin ya tuna. Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ji wanda ke magana. Kai da ka karɓi wandon yaro, ka ba shi bayan ya yi gemu."

Mutane iri biyu ke gundurar da ni idan ana zancen tsohon kaya. Akwai masu cewa kayan da sun fi ƙarko, kamar a da roba ba ta ruɓewa. Akwai kuma masu cewa duk abin da ya tsufa bola ce. Na koyar da kimiyya shekara talatin da huɗu, kuma ban taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ya buɗe cikin inji ya duba ba. To amma ni ma da nake wannan cika baki, sai da na tafka tawa wautar.

Yayata ta samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, maganarta ta ɗauke. Tana ji, tana ganewa, tana harara in an yi ba daidai ba, amma kalma ba ta fita. Jikokinta ƙanana ba su san muryarta ba. Muryar nan kuwa tana nan a wuri guda tak a duniya: faifan garmaho da ƙungiyar waƙar kwalejinsu ta buga tana 'yar shekara sha tara. Kaɗan aka buga, namu ne kaɗai na san ya rage. Waƙar da ta rera ita kaɗai ita ce ta ƙarshe a gefe na biyu, can kusa da tsakiyar faifan. Watannin baya ta fara nuna akwatin da faifan yake ciki da hannunta mai lafiya, kullum, har da buga gado. Garmahon gidanmu kuwa ya mutu tun mahaifinmu na da rai.

Na yi karatu a kan abin, kamar yadda na saba. Garmaho na yau da kullum hannunsa a kafe yake a gefe guda, yana kewayowa kamar hannun agogo, saboda haka idan allura ta matso tsakiya sai ta ɗan karkace a cikin layin faifan, murya ta riƙa karcewa. Akwai wani iri da aka yi yayinsa a da, mai miƙaƙƙen hannu. Shi hannun nasa a kan wani siririn ƙarfe yake tafiya kamar jirgi a kan dogo, ɗan ƙaramin inji na jan sa da bel, allura na zaune daidai daga farko har ƙarshe. Kuma maɓalli ake dannawa ya sauke allurar da kansa, ba ruwansa da rawar hannun tsofaffi. Na ce shi ke nan, an yi shi don waƙar Yaya. An daina ƙera irinsa tuntuni, sai na hannu.

Wani dillali ya samo mini. Ya jona a gabana, fitila ta kama, farantin da ake ɗora faifai ya juya. Ya ce, "Hajiya, gani ya kori ji. Ajiyar wani babban mutum ne, ko sau goma ba a kunna ba." Na saya. A gida na ga hannun yana tafiya da ƙyar, sai na ɗauko man keken ɗinki na ɗiɗɗiga a kan ƙarfen, ina yaba wa kaina. Allah ya taimake ni ban fara da faifan Yaya ba. Wani faifan marigayi mijina na sa. Ya yi waƙa biyu lafiya, a ta uku hannun ya cije, allura ta tsaya a layi ɗaya tana nanata kalma ɗaya, sannan ta zabura ta ja tsaga har tsakiya. Na zauna ina kallon faifan.

Haka na isa shagon Sai Jibi da garmaho a naɗe cikin zani. Na miƙa masa wayar wutar na ce ya jona ya gani. Ya karɓi wayar ya naɗe ta, ya ajiye nesa da soket. Ya buɗe murfi, ya sunkuya ya shinshina.

"Hajiya, wa ya ba shi mai?"

"Ni. Ƙarfe na gugar ƙarfe, mai yake so. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani."

"To ɗan aji ɗaya ya jiƙa miki bel." Ya lakato wani abu mai kama da ɗanko daga kan ƙarfen ya nuna mini a ɗan yatsa. "Wannan girisi ne, ya girmi 'yarki ta fari. Wanda bai sha aiki ba ya fi daskarewa, ajiyar ce ke kashe su. Kin zuba mai a kansa ya zama kunu, ya gangara kan bel, ya shafe ɗan idon da ke gaya wa hannu ya matsa. Ni ba na jona irin wannan sai na wanke shi. In ka jona don ka gani, abin da za ka gani shi ne hayaƙi."

Na gaya masa zancen Yaya, na ce gobe nake so. Ya saurara har na gama, ya karɓi faifan da tafin hannu biyu ta gefe-gefe, ya karkata shi ga haske ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Sai jibi." Tela ya fashe da dariya ta bayan bango.

Jibi ta zo, bel bai samu ba. Ya zazzage gwangwani uku, ya auna da zare, duk wanda ya gwada ko ya yi sako-sako ko ya ɗaure. Wata jibin ta zo, ya samo bel a cikin wata matacciyar kaset, amma ƙwan fitilar ɗan idon ya dushe. Ni kuwa na kasa zama a gida. In na ɗauki littafi sai in ga layi ɗaya nake maimaitawa. In na je wurin Yaya ta kalli hannuna ta ga babu komai, ta juya fuska bango. Sai in sa mayafi in koma shagon, in zauna a benci, in tashi, in leƙa, in koma. Mai walda ya ce, "Hajiya, in kina son aiki ne ga tabarau, zo ki riƙe mini ƙarfe."

A kan bencin nan na ji abin da shi ba zai faɗa ba. Mai walda ya ce ya sha ganin mutum ya zo da garmaho irin wannan yana murna, Sai Jibi ya buɗe ya ce, "Mayar wa mai shi, haƙoran robar cikin sun tsage, babu inda za ka samu," alhali da ya yi shiru da ya ci kuɗin gyara wata uku. Tela ya ce wani tsohon direba ya kawo faifan da ya lanƙwashe a bayan mota, kowa na ce masa a shanya a rana ya miƙe. Sai Jibi ya sa shi tsakanin gilashi biyu a inuwa, ya ɗora littattafai, ya manta da shi mako bakwai. Direban ya zo ya ji faifansa, ya zauna a nan bencin yana share ido da hula.

Malam Sai Jibi, kai ne mai ajiye jaki a shago. Haka kake kiran wani tsohon faifai da ya sha karce, wanda kake ɗora wa kowane garmaho kafin ka yarda ya taɓa faifan mutane. Kai ne ka wanke faifan Yaya da tataccen ruwan nan da ake zuba wa batir, da burushi mai laushi, layi bayan layi, ina tsaye a kanka ina tsaki.

A kwana na bakwai 'yar Yaya ta kira ni da hantsi. Ta ce, "Inna, jiya ko cokali uku ba ta ci ba. Likita ya ce a riƙa zama kusa da ita." Na shiga shagon ba sallama. Garmahon na kan tebur, jaki na juyawa, waƙa na fita tas.

"Ga shi yana yi! Naɗe mini shi."

"Bai gama ba."

"Malam, ni ba yarinya ba ce. Kunnena na ji. In matar nan ta tafi ba ta ji ba, da wane ido za ka kalle ni?"

Ya ce in matso, in sa tabarau, in kalli hannun kawai. Muka tsaya har allura ta kusa tsakiya. Saura faɗin ɗan yatsa, sai hannun ya ɗan tsaya, kamar mai jan numfashi, sannan ya yi tsalle kaɗan ya ci gaba. Da ban zuba ido ba da ban gani ba.

"Waƙar tata a ina kika ce take?"

Na sake kallon inda hannun ya yi tsalle, daidai wurin ne.

"In kin ce in naɗe, naki ne, zan naɗe. Amma jaki na da ɗan'uwa a ƙarƙashin tebur. Naki fa?"

Na fita na bar shi. A hanya na zage shi a zuci har da kakanninsa. Na sani da gaskiyarsa, kuma sanin bai rage mini komai ba. Ashe ƙarshen ƙarfen ne ke da ɗan tsatsa da ido ba ya gani. Kwana biyu ya yi yana goge shi, yana mayar da jaki, yana sake gogewa.

A rana ta tara da safe shi da kansa ya rungumo garmahon har ɗakin Yaya, ya ce ba ya yarda da ramukan hanya a hannun wani. Ya ɗora kwano da ruwa a kan tebur ya ga ruwan ya karkata, ya cusa takarda a ƙarƙashin ƙafa har ruwan ya daidaita. Ya ce wa 'yar Yaya, "Kunna wayarki ki ɗauka tun daga farko. Duk juyi ɗaya faifai na raguwa." Da ya zo ɗora faifan sai na ga hannunsa na dama yana karkarwa. Ya tsaya, ya miƙa mata, ya ce, "Ɗora, 'yata. Ta gefe." A nan na gane dalilin da ya sa aikin kwana uku ya ci tara, kuma a nan ya gaya mini, a hankali, cewa ƙarshen wata zai rufe shago.

Aka danna maɓalli. Waƙoƙin taro suka wuce, Yaya na kwance ido a rufe. Ni hannun nake kallo, ba na ko jin waƙar. Ya matso, ya matso, ya shiga faɗin ɗan yatsan nan ya wuce sumul. Sai wata yarinya ta ɗaga murya, siririya, mai tsabta, ba ta tsoron kowa. Yaya ta buɗe ido. Hannunta mai lafiya ya fara buga katifa yana bin kiɗan. Ƙaramar jikarta ta ce, "Wace ce wannan?" Yaya ta ɗaga yatsa ta nuna ƙirjinta, ta sake nunawa da ƙarfi. Da aka zo wani wuri da yarinyar ta ɗan yi sauri ta riga kiɗan, sai ta yamutsa fuska ta girgiza kai, irin yadda take yi mana in mun yi ba daidai ba. Shekara hamsin da bakwai, ba ta yafe wa kanta wannan gaɓar ba. Muka yi dariya har da hawaye. Da rana ta ci abinci.

Masu tambayata ko sayen tsohon garmaho mai miƙaƙƙen hannu ya cancanta, ga amsata. In yana da lafiya, ban ji abin da ya fi shi tausaya wa faifai ba. Amma fitila da juyin faranti ba shaida ba ne, kuma kalmar "ajiya" ta dillali abin tsoro ce. Kada ku saya sai hannun ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe a kan faifan da ba ku damu da shi ba. Kafin wannan ma, ku tambayi kanku ko akwai wanda zai buɗe cikinsa a inda kuke. In babu, akwatin ado kuka saya. Masu gyaran waya da ke cike da layin nan, ku da kuke da ido da hannu mai ƙarfi, saura mako uku Sai Jibi ya rufe shago. Ku je ku zauna kusa da shi, ku koyi yadda ake ce wa mai kaya "bai gama ba" alhali yana tsaye yana huci.

Malam, na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannun nan hutu mai daɗi. Kwana tara na yi ina ganin kai ne ka tsaya tsakanin Yaya da muryarta, ashe tsakanina da faifan ka tsaya. Minti huɗu ka dawo mata da su, kuma yanzu jikokinta sun san da wace murya take hararar su.