Rana a Kafaɗar Kawu

Mun tashi da safe daga Dakoro a kan babur, ni da abokina mai tuƙi, za mu Azagor ɗauko kawuna. Yanar ido ta rufe masa gani shekara uku ke nan, ga shi likitocin ido sun sauka asibitin Dakoro, kuma ranar ce ta ƙarshe. Ƙarfe sha biyu za a rufe rubuta suna.

Rairayi ya ba mu wuya. Sau biyu muka tura babur, muka sayi litar esansi, wato fetur, a kwalba da tsadar da ta sa abokina yin salati. A rediyon mai shayi muka ji ana gardamar ƙasashen da ke son daidaita agogonsu da rana. Na yi tsaki, na ce aikin yi ne ba su da shi.

Ƙarfe tara muka iske Kawu bakin rijiya. Layin shanunsa ne, ya ce ba ya motsawa sai sun sha. Na faɗa masa sha biyu, na sake faɗa.

"Sha biyu ai rana tsaka ce, ɗana. Ka bari gaggawa."

Raina ya ɓaci, amma ba a ɗaga wa kawu murya. Sai sha ɗaya saura muka goya shi a tsakiya. Duk hanya ina duban agogo, shi kuwa sai tambayar farashin hatsi yake yi.

Sha biyu da minti ashirin muka shiga asibiti. Malamin da ke rubuta suna ya riga ya rufe littafi.

"Baba, ka yi haƙuri, lokaci ya wuce."

Kawu ya cire rawani, ya tsaya tsakar fili.

"Ni ban gani, yaro, amma rana na bisa kahwaɗata ta hagu, ba ta kai ƙoƙon kai ba. Duba inuwata ka gaya mini gaskiya."

Malamin ya duba, mu ma muka duba. Inuwar tana nan, guntuwa, ta karkata yamma. Sai ya buɗe littafin.

Aka yi masa aikin ido, bayan kwana biyu muka mai da shi gida. Na dawo Dakoro na daina yi wa masu gardamar nan tsaki, don na gane agogonmu yana gaban ranarmu da kusan rabin awa. Amma tun a asibiti, da aka kwance masa bandeji, agogon hannuna ya fara ƙura wa ido.

"Wanga ne ya so hana mini gani?"